Yadda Za Ka Kare Talabijin Ɗin Filasma Daga Shatin Hoto da Rikicewar Sigina

A Kano, duk talabijin ɗin da ba ta da ƙeya filasma ce. Haka ake rubuta ta a lissafin kayan ɗakin amarya, haka mai shago a Sabon Gari zai kira maka ita ko da an rubuta LED ƙuru-ƙuru a jikin kwalinta. To, maganar da zan yi a nan ta filasma ce ta gaskiya, wato mai nauyin nan da har yanzu ake gani a gidajen kallon ƙwallo, shagunan aski, gidajen gem, da falukan waɗanda suka sayi ta hannu saboda girmanta da arha.

Abin da ya sa take buƙatar lallaɓawa shi ne an daina ƙera ta. Panasonic ya rufe aikinta a watan Maris na 2014, Samsung da LG suka bi baya kafin shekarar ta ƙare. Ke nan duk wadda ka gani a kasuwa yau ta haura shekara goma a duniya. In gilashinta ya yi tabo, babu sabo da za a saka maka, sai dai a ciro daga gawar wata, kuma kuɗin hakan kan kai na sayen wata talabijin ɗin sukutum.

Fara da tantance wacce kake da ita

Leƙa bayanta ka karanta lambar samfurin a 'yar takardar da ke manne. Ta Samsung tana farawa da harafin P, kamar PS ko PN. Ta LG za ka ga P ɗin bayan lambar inci, kamar 42P ko 50P. Ta Panasonic ma akwai P a ciki, kamar TH-P42 ko TX-P42. In ka ga ta Samsung ta fara da UA ko LA, ko ta LG an sa L bayan incin, to taka ba filasma ba ce, rabin wannan bayanin bai shafe ka ba. In takardar ta goge, hannunka zai gaya maka: fuskar filasma gilashi ne mai tauri kamar na taga, tana da nauyin da mutum ɗaya ba ya son ɗauka, kuma in ta yi awa guda a kunne za ka ji ɗumi na fitowa ta gabanta.

Me ke kawo shatin?

Tsakanin gilasai biyu na fuskarta akwai ƙananan ɗakuna da ido ba ya rarrabewa, a mai cikakken HD sun haura miliyan 6. Kowanne an cika shi da iskar niyon da zinon, an shafe cikinsa da wani sinadari da ake kira fosfo, wani ja, wani kore, wani shuɗi. In wuta ta ratsa iskar sai ta fid da wani haske da ba a gani, shi kuma ya bugi fosfon, fosfon ya haska. Hoton da kake kallo ke nan. Tun a 1964 aka ƙirƙiro fuskar filasma ta farko a Jami'ar Illinois ta Amurka.

Matsalar ita ce fosfo yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi. Ka ɗauki tabarmar masallacin unguwa: wurin da liman ke tsayawa kullum shi ke fara sheƙewa, gefe kuwa yana nan kamar sabo. Haka fuskar filasma take. In tambarin tasha fari fat ya zauna a kusurwa ɗaya awa takwas kullum, ɗakunan da ke wurin za su gaji kafin maƙwabtansu, daga nan ko ka sauya tasha za ka ga inuwar tambarin tana nan.

Amma shatin iri biyu ne, kuma rashin bambanta su yana sa mutane su karyar da talabijin mai lafiya. Akwai na wucin gadi, wanda kan bayyana bayan an gama wasa ɗaya, ya ɓace cikin mintoci ko awanni, wani lokacin kwanaki, in aka ci gaba da kallon hoto mai motsi. Wannan ba lalacewa ba ce. Sai na dindindin, wanda fosfon ne ya riga ya cinye, shi kam ba ya komawa. Na farkon gargaɗi ne cewa na biyun na tafe.

Saitin da za ka gyara yau ɗin nan

Ɗauki rimot ka shiga sashen Picture. Abu na farko, fitar da ita daga Dynamic ko Vivid, ka mai da ita Standard, ko ma Cinema ko Movie. Wancan saitin an yi shi ne don ta ja ido a shago, tsakanin fitilu. Kwana biyun farko za ka ga kamar hoton ya dushe, yara ma za su yi ƙorafi. Ka yi haƙuri, ido zai saba, har ka lura fatar mutane ta koma kalarta ta gaskiya. In ta tambaye ka tsakanin Home da Store ko Shop, zaɓi Home, don a ɗaya yanayin takan mai da hasken sama da kanta bayan ka rage.

Na biyu, kuma nan ne mafi yawa ke kuskure: abin da za ka rage shi ne Contrast, ba Brightness ba. Contrast ne ke iko da ƙarfin fari, farin kuwa shi ke cin fosfo. Brightness aikinsa daidaita baƙi ne, in ka rage shi da yawa sai dai ka daina ganin fuskokin mutane a wurin duhu, tabon kuma yana nan tafe. Sauko da Contrast zuwa wajen 50 ko 60 cikin 100. Masu Samsung su rage Cell Light ma. In hasken rana ne ke sa ka ƙure mata haske, labule ya fi gilashi arha.

Na uku, kunna mai gusa hoto. Samsung na kiransa Pixel Shift, Panasonic na kiransa Pixel Orbiter, LG kuma Orbiter, a ƙarƙashin ISM Method. Yana ɗan matsar da hoton gaba ɗaya lokaci-lokaci, ƙanƙanin matsin da ba za ka lura ba. Kada ka ɗora masa nauyin da ba zai iya ba: gefen tambari yake tausasawa don kada shatin ya fito da kaifi, amma tsakiyar babban akwati fari tana nan tana cin wuta.

Na huɗu, maganar baƙaƙen sanduna a gefe. Tsofaffin finafinai da wasu tashoshi suna zuwa da hoto mai faɗin 4:3, sai ka ga baƙi dama da hagu. Wurin baƙin yana hutawa, tsakiya na aiki, bayan watanni sai ka ga layi biyu a tsaye sun raba fuskar uku. Ko dai ka buɗe hoton ya cika fuska da 16:9 ko Zoom, ko ka mai da sandunan ruwan toka, yawancinsu suna da wannan zaɓin. Haka ma bidiyon waya da aka ɗauka a tsaye. Yaran da ke haɗa waya da talabijin su wuni suna kallon TikTok, kashi ɗaya cikin uku na fuskar kawai suke gasawa.

Ɗabi'a ta fi saiti

Gaskiya saitin nan duka bai kai yadda ake amfani da ita muhimmanci ba. A gidajenmu abin da na fi ganin yana yi wa filasma tabo ba fim ba ne. Tashar da ke nuna Harami kai tsaye ce, a kunna ta tun asuba don sauraron karatu, a tafi kasuwa a bar ta, tambari da rubutu suna zaune wuri ɗaya har la'asar. Niyya mai kyau ce, amma gilashi bai san niyya ba. In sauraro kake so, kashe hoton ka bar sauti. A Samsung ana kiransa Picture Off, a LG kuma Screen Off, yawanci a sashen tanadin wuta. Ka ga ka huta da tabo, ka kuma rage cin mita. Haka za ka yi in kana jin wa'azi ko waƙa daga filas.

Sauran masu laifin: a tsayar da fim a tafi salla ko cin abinci, a bar jerin tashoshin dikoda a buɗe, a bar tashar labarai mai jan zane a ƙasa tun safe, ko a yi barci a bar rubutun "No Signal" in irin wanda ba ya yawo ne. In za ka tashi fiye da minti goma, kashe ta kawai. Ka saita Sleep Timer da daddare. Amfani da filasma a matsayin allon kyamarar tsaro ko allon farashin kaya a shago kuwa, wannan kada ma a fara.

Masu gidan kallo su ne abin ya fi shafa, don ba su da zaɓi. Ranar Asabar ana fara Firimiya da rana, a yi ta yi har bayan isha'i, akwatin ci da agogon wasa suna kusurwar sama ba sa motsi. Abin da za ka iya yi shi ne ka yi amfani da kowace kafa. A hutun rabin lokaci, minti 15 ɗin nan, sauya zuwa tashar da hotonta ke cika fuska yana motsi. Tsakanin wasa da wasa ma haka. Ka riƙa sauya girman hoto, yau 16:9, gobe Zoom, don akwatin ya sauya mazauni. In kana da talabijin biyu ko uku, kada ka ce wannan ta Firimiya ce har abada, waccan ta Laliga. Riƙa musanya musu. Masu gidan gem na PlayStation ma haka, taswirar fili da sunayen 'yan wasa da ke ƙasa suna barin shati sosai, kuma ana iya kashe wasu daga cikinsu a saitin wasan.

In shatin ya riga ya fito

Kada ka ɗaga hankali tukuna. Sa tasha ko fim mai cika fuska, marar tambari, ka bar shi awa biyu ko uku. In bai tafi ba, nemi magogin da ke cikinta: Scrolling a Samsung, Scrolling Bar a Panasonic, White Wash ko Color Wash a LG. Wani farin sanda zai riƙa ratsa fuskar, ko ta yi fari gaba ɗaya. Fara da minti 15, ka duba, in da sauƙi ka ƙara, amma kada ka wuce awa guda a zama ɗaya. Na san masu barin shi kwana. Kuskure ne, domin farin nan duk fuskar yake tsofarwa, yana kuma zafafa ta. In ka yi mako biyu zuwa uku kana kallon abubuwa daban-daban, ka kauce wa tashar da ta jawo shi, amma shatin bai ko rage ba, to ya zauna. Sai dai ka rage haske don ya rage fitowa.

A nan ne wani zai ce maka gas ɗinta ne ya ƙare, ka kawo kuɗi a ƙara. Ba a ƙara wa filasma gas. An rufe iskar ruf tsakanin gilasan tun a masana'anta, ba ta da bakin zubawa irin na firji ko na AC. Wanda ya karɓi kuɗinka a kan haka ya ci banza.

In za ka sayi ta hannu, ka tafi da filas ɗinka mai ɗauke da hotuna biyar marasa komai: fari zalla, ruwan toka, ja, kore, shuɗi. Mai shago zai sa maka fim mai launi da gudu, a nan ba a ganin komai. Kai kuwa sa ruwan tokar, ka duba kusurwoyi huɗu da ƙasan fuska. In an taɓa wuni da ita a kan tasha ɗaya, a nan asiri zai tonu.

Rimot ɗin dikoda ya ƙi ji

Mu koma ɓangaren sigina. Filasma tana damun wasu na'urori, wasu kuma suna damunta, kuma kafin ka kashe ko kwabo ya kamata ka gano wane ne ke damun wani.

Rimot da wani haske yake magana wanda ido ba ya gani, filasma ma tana fid da irinsa daga fuskarta, musamman in hoton mai haske ne. Sai idon dikoda ya ruɗe, kamar mai son jin raɗa a gidan biki. Gwajin mai sauƙi ne: kashe talabijin, ka danna rimot ɗin dikoda, ka lura ko fitilar gabanta ko lambar tasha tana amsawa nan take. In tana amsawa da talabijin a kashe, ta riƙa gardama in an kunna, ba batir ba ne. Matsar da dikodar baya kaɗan yadda fuskar talabijin ba za ta haska ta ba, ko ka sa ta cikin kantar da ke ƙarƙashin talabijin ɗin. Teburin gilashi, farin tayil da madubin da ke fuskantar talabijin duk suna dawo da hasken. In ba wurin matsarwa, manna 'yar farar takarda a kan idon dikodar. Tana tare raunanan haske, na rimot kuma ya ratsa.

Rediyon maƙwabci

Akwai wani dattijo da ke zama a ƙofar gidansa da rediyo, bango ɗaya ne tsakaninsa da wani gidan kallo da na taɓa yi wa aiki. Ya ce da ni: "Yaro, rediyon nan lafiyarta ƙalau da safe, amma da an fara ƙwallon nan sai ta kama ƙugi, labaran dare ma ba na ji." Na ce: "Baba, ara mini ita." Na riƙa tafiya da ita, ina kusantar bangon ƙugin na ƙaruwa, har sautinsa na sauyawa duk lokacin da hoto ya sauya a ciki. Wannan ce shaidar filasma, ba ta ɓuya.

Gajeren zango da matsakaicin zango ne suka fi shan wahala. FM, irin su Freedom a 99.5, da wuya ka ji komai. Maganin farko nisa ne, ko taku biyar yana kawo bambanci. Sai juya rediyon a hankali har inda ƙugin ya fi raguwa, da amfani da batir maimakon soket ɗaya da talabijin. A ɓangaren talabijin, nemi ferait, wato ɗan dunƙulen nan baƙi da kake gani a wayar cajar laftof. Akwai mai buɗewa da ake maƙalawa. Sa ɗaya a wayar wuta, ɗaya a HDMI, dab da inda suka shiga jikinta. Yana ragewa, amma ba zan yi maka alkawarin zai kashe shi duka ba, domin wani ƙugin daga gilashin kansa yake fita. Shi Baba, mai da talabijin ɗin ɗaya bangon aka yi, ya samu lafiya.

Hoto na yayyagewa ko daskarewa

A dikodar GOtv, StarTimes ko DStv, shiga wurin da ke nuna sigina. Sanduna biyu ne, ƙarfi da inganci, kuma ingancin za ka sa wa ido. In eriyar cikin ɗaki kake amfani da ita, kada ka ɗora ta a kan filasma ko bayanta. Matsar da ita mita biyu ko uku wajen taga kana kallon sandar. In ta hau, ka gano ɓarawon. Eriyar waje a kan dogon ƙarfe ta fi komai. MiFi da wayar hannu ma a nisanta su da eriya da wayarta.

Daga nan bi wayar da hannu tun daga dikoda har sama. Ta zama RG6 mai kauri, ba siririyar nan mai 'yan gashi uku a ciki ba. Kwance kan da ke shiga dikoda ka duba: in silin gashi ɗaya daga ragar waje ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, sigina ta mutu. Ranar Kano tana fasa robar waya, damina ta zo ruwa ya bi ta ciki. In ka ga kan ya yi kore ko tsatsa, yanke ka sa sabo, in ruwan ya yi nisa sauya wayar duka. Kada a ɗaure wayar eriya da ta wuta a dami ɗaya don ado. A raba su, in dole su haɗu su gitta juna. Ɗaukewar hoton dish lokacin da hadari ya haɗo kuwa ba laifin talabijin ba ne, jira za ka yi. Amma in bayan iskar farkon damina hoton bai dawo daidai ba, dish ɗin ne ya goce.

In kana ganin wani faffaɗan layi yana hawa a hankali daga ƙasa zuwa sama, tare da gurnani a lasifika, yawanci da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, ake samunsa. Jona talabijin, dikoda da amfilifaya a soket ɗaya, ka koma HDMI in akwai. In kuma kana jin bakin waya yana ɗan jan hannunka, wataƙila wayarin gidan ba shi da wayar da ke sauke wuta ƙasa. Kira mai wayarin, kuma kafin nan kada ka cire ko ka soka HDMI sai ka zare komai daga wuta, don haka ramukanta ke ƙonewa.

Wani abin da ake ɗauka rikicewar sigina ne alhali ba shi ba ne: talabijin ɗin da aka yi don kasuwar Amurka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, tsarin hotonsu ma daban. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta, ba ta kama tashoshinmu da eriya kai tsaye, kuma wasu in ka haɗa su da dikoda ta wayar rawaya sai hoton ya fito baƙi da fari yana birgima. Karanta takardar baya kafin ka biya.

Wuta, zafi da ƙura

Filasma tana shan wuta fiye da LED mai girmanta nesa ba kusa ba, kuma shan yana hawa da sauka gwargwadon hasken hoto. Duba wat ɗin da aka rubuta a bayanta, ka sayi sitabilaiza da ta fi shi da rata mai kyau, mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta. Kada ta raba layi da firji, dutsen guga ko injin jan ruwa. In janareta ne, tayar da shi ya daidaita kafin ka kunna ta, ka kuma kashe ta kafin ka kashe shi. Barin mai ya ƙare yana shiƙa da talabijin a kunne shi ke kashe allon wutarta. Ƙaramar inbata mai arha ma takan sa ta ƙara da layuka a hoto.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ɗakin kwano cike da 'yan kallo tanda ne. Bar mata aƙalla santimita 10 ta kowane gefe, kada a cusa ta cikin kabad, a sa fanka tana kaɗa bayanta. Da hunturu ƙura kan toshe ramukan iskar sama. Zare ta daga wuta ka share da burushi mai laushi. Lulluɓi sai ta huce. Fuskar kuma ƙyalle mai laushi ya isa, kada a fesa mata ruwan goge gilashi, yana cin rufin da ke hana ƙyalli.

Siririn layi a tsaye daga sama har ƙasa, rabin fuska ya yi duhu, ko jar fitila tana ƙiftawa ta ƙi tashi, waɗannan ba shati ba ne kuma ba sigina ba, allunan ciki ne. Ƙirga sau nawa fitilar ke ƙiftawa kafin ta tsaya ka faɗa wa mai gyara, zai taimaka masa. Kada ka buɗe bayanta da kanka, akwai wuta mai kisa da ke zama a ciki ko bayan an zare ta. In za ka kai ta, a tsaye za a ɗauke ta, a naɗe da bargo, mutum ɗaya ya riƙe ta a bayan Adaidaita Sahu. In aka kwantar da ita aka faɗa rami ɗaya, gilashin ciki na iya tsagewa tun kafin ku isa shagon.